Inda Kare Ya Tsaya

Daren da za a kwantar da Clive a asibiti
domin aikin ƙugu,
ya miƙo min igiya ta saman katanga.
Ya ce, "Bosun ya san hanya. Kai dai bi shi."
Shekara sha tara muna raba katangar nan,
ban san komai nasa ba sai tarin asuba
da ranar da yake fitar da shara.

Ni da na tsufa ina tuƙa bas a Birmingham,
ni ke tsayawa, ni ke tashi, ba mai ce min kanzil,
yau ga ni a ƙarshen igiya, fasinja.

Madatsar ruwan na kwance a tsakiyar gari
kamar tasar da aka manta a waje ta kwana.
Benaye sun leƙo suna duba fuskarsu,
agwagi suna ɓata musu hoton.
Akwai hanyar kwalta ta masu gudu da masu keke,
akwai ta ƙarƙashin itatuwa, mai taɓo har idon sawu.
Bosun ya zaɓi taɓo.

Tsayawar farko: allon da ya ce a riƙe karnuka da igiya.
Ya ɗaga ƙafa ya sa hannu.
Ta biyu: gindin wata bishiya da ta sunkuya tana shan ruwa,
ya zauna minti uku cur, bai dubi komai ba.
Na gane nan Clive ke mai da numfashi,
sai na mayar da nawa.

Mutane na ta gaishe mu, amma ba ni ba.
"Bosun! Ina ka baro tsohon?"
Jaswinder mai jan karnuka huɗu kamar mai kora garke,
da wani dogo mai ledar kashi a hannu
yana riƙe da ita kamar tsaraba.
Nan ba a tambayar sunanka ko aikinka,
karenka ne takardar shaidarka.

Bayan rumfar kwale-kwale igiya ta yi tsauri.
Ya ja ni, ya ja, har gwiwata ta yi ƙara,
zuwa benci na uku, mai ɓallen fenti,
inda wata mata ke zaune da fulas
da kofi biyu.
Biyu.

In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi,
wannan kuwa kansa ya ɗora a kan nata
kamar wanda ya iso gida.
Ta dubi igiyar, ta bi ta da ido har hannuna,
ta ga ba hannun ba ne.
Kofin ya girgiza, shayi ya zuba a siket ɗinta.

"Yana lafiya," na ce da sauri. "Ƙugu ne kawai."
"Bai faɗa min ba," in ji ta. "Jarababben tsoho.
Shekara shida, kullum ƙarfe takwas,
ko lambar wayarsa ban da ita."
Sunanta Noreen. Ta ba ni kofinsa.
Sukari ya yi yawa. Ashe haka yake sha.

Labarin zuciya a tambayi fuska, aka ce.
Ni wutsiya na tambaya.

Muka ƙarasa zagayen cikin yayyafi,
ta kan bangon madatsar, inda iska ba ta da kunya,
kare a gaba, jiƙe, yana warin tsohon bargo.
A aljihuna akwai takardar biskit
da ta rubuta lamba a bayanta,
da sunan ɗakin da zan ce mata yana kwance.

Gobe zan je dubiya.
Ban san ta inda zan fara ba.
Wataƙila in ce, Clive, karenka ba ya riƙe sirri,
kuma ka rage sukari.