Daƙiƙa Huɗu

Shagona yana Jekadafari, bayan mai faci,
ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, kwamfuta mai tari.
A nan nake fiɗar lokaci kamar mahauci,
in ware tsoka, in zubar da jijiya.

Ran Talata Bappayo ya kawo kati,
ranar Dadin Kowa duk ta ƙone masa wuya.
Ya ce, "Waƙar Gidado ce, ka sa mata gishiri.
Rub da ciki na kwanta na ɗauko shi
don kansa ya taɓo gajimare,
kai ka san a tsaye bai wuce kafaɗata ba.
Na tashi ɗan jirgin nan mai kukan zuma
ya leƙo dam ɗin daga sama,
ruwa ya koma faranti, mutane tsabar gero."

Na gyara zama.
Inda ganga ta faɗi, nan wuƙata ke faɗawa.
Kiɗa ya ce dum, in sauya fuska,
ya ce dum-dum, in nuna takalmi, in nuna agogon aro.
Leɓensa ya riga muryarsa da taku biyu,
na ja shi baya har suka jera.
Ruwan dam kalar kunun kanwa ne,
na ɗura masa shuɗi sai ka ce ba na Gombe ba.
Na share ƙurajen goshi, na wanke haƙora.
Ai ba ƙarya ba ce, in ji ni, kwalliya ce.

A ɗauka ta tara sai ga wani tsoho
ya kutso ta hagu cikin kwalekwale,
ba a gayyace shi ba, bai ma san ana yi ba.
Ya miƙe, ya murɗa ƙugu, ya watsa raga,
ta buɗe a iska kamar laima,
sannan ya waiwayo ya yi dariya, da giɓinsa.
Daƙiƙa huɗu.
Gidado ya ce, "Cire wannan, ya ɓata min baya."
Na cire, mai kuɗi ke da hoto.
Sai dai ban zuba shi a kwandon shara ba,
kada ka tambaye ni dalili.

Waƙa ta fita, ta zaga wayoyi,
ta yi sati uku tana tashe, ta kwanta.

Bayan kaka wata yarinya ta yi sallama,
kuɗin mota ƙulle a bakin mayafi.
Dudu sunanta. Shagona ne na huɗu da ta shiga.
"An ce masu kyamara sun je bakin ruwanmu.
Babana ya rasu watan jiya.
Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba,
na katin zaɓen ma ruwa ya cinye."

Na tona, na tona, na samo shi.
Akwai dabarar da nake wa 'yan rawa
don gyale ya daɗe yana lilo kafin ya sauka.
Ita na yi masa.
Huɗu ta zama takwas, takwas ta zama sha shida,
raga tana buɗewa a hankali kamar furen kabewa.
Ta ce, "Ƙara." Na ƙara.
Ta ce, "Ƙara." Na ce hoton zai fara in'ina.
Ta ce, "Shi ma yana yi."

Na kai hannu zan zuba shuɗin nan,
ta ce, "A'a, haka ruwanmu yake."
Babu kiɗa a ƙarƙashi, iska ce kawai ke dukan makirufo,
da muryar Bappayo can yana ihu, "Baba, matsa!"
Na ce bari in goge wannan.
Ta ce, "Bar shi, ai shi ya sa ya waiwayo."

Na tura mata a waya mai tsagaggen gilashi.
Tana kwance bakin mayafi aka ɗauke wuta,
fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Na ce ta bar kuɗinta, mota na jira.
Ba ta ji ni ba.
Ta sake dannawa, tsoho ya sake shigowa ta hagu.