Tarihin Daular Tudun Kwaɗi

Ni ne magatakardan fada, ni kaɗai na rage,
bari in rubuta tun tawada ba ta bushe ba.

A tabkin Babaye, nan cikin Tawa,
shekarar da ruwa ya ja ya bar tudu a tsakiya,
mu sha ɗaya muka naɗe wando muka ratsa laka,
muka karɓi ƴanci daga bulalar Mushe Tunau,
daga aiken cefane da kiwon akuyar kaka.
Ko danƙo ba a harba ba.
Kwaɗi suka rera mana taken ƙasa.

Tutarmu gefen zanen uwar Bizo ce a kan karan dawa.
Daren nan ya sha kashi saboda ita,
shi ne shahidinmu na fari, da safe ya dawo yana ɗingisa.

Arzika na Ɗaya, mai giɓi,
ya hau fasasshen turmi, muka faɗi muka yi gaisuwa.
Kuɗinmu marfin kwalba, baitulmali gwangwanin tumatir,
marfi biyar ƙadangare, goma tafin magarya.
Doka ɗaya tak: ba a kai ƙara gida.

Mako uku ƙasa na kwance lafiya,
sai Hankurau ya gano jujin bayan otel
inda marafa ke zube kamar tsakuwa.
Ya iso aljihu na kacau-kacau,
kafin la'asar ƙadangare ya kai ɗari,
talaka ya koma cin magarya bashi.

Nomau, shugaban askarawa mai danƙo biyu,
ya jira ranar da aka aiki sarki niƙa,
ya haye turmi ya ce don ceton ƙasa ne,
bayan damina zai sauka.
Damina ta wuce. Wata ta zo ta same shi.
Ni aka ba tsumma in goge sunan Arzika a allo,
na goge, hannuna ko rawa bai yi ba.
Wannan ma ku rubuta shi a kaina.

Gwamma ta zo da ƴan mata bakwai neman kujera,
muka ce tsarin mulki bai san da su ba.
Suka kafa tasu ƙasar a gindin gawo,
suka rufe mana hanyar ƙuli-ƙuli.
Kwana huɗu muka iya, muka tura jakada.

Sai shekarar da sama ta ƙi.
Tabki ya tsage kamar diddigen manomi,
iyaka ta ɓace, jakuna suka shigo ba fasfo,
masu tubali suka kwashe lardin gabas a amalanke.
Ba wanda ya ci mu da yaƙi.
Tasha ce ta ɗebe mu ɗai-ɗai:
Bizo yana Abijan yana tallar agogo,
Hankurau ya bi ta Agadas, daga nan shiru,
Nomau ya shiga sojan gaske,
aka kawo wa uwarsa takalma da takarda.
Gwamma na ba da magani a asibiti,
har yau tana bi na ƙuli uku.

Ran Lahadi na ga Arzika a kasuwa yana auna albasa,
giɓin ya ƙara faɗi, gemu ya yi furfura.
Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe.
Ya dubi hagu da dama ya ce, tashi mahaukaci.
Can ƙasa-ƙasa: wa ke riƙe da tudun yanzu?

Na je na gani. Bana an yi ruwa.
Tudun ya fito, ashe ko tabarma uku bai kai ba.
Yara na kai, da tutar baƙar leda.
Ɗaya ya tare ni a bakin laka: tsoho, takardunka?
Na laluba na miƙa masa marfin da na ɓoye shekara arba'in.
Ya juya shi, ya ce wannan kuɗi ya daina ci.
Na ce, yaro, ƙasar nan fa tawa ce.
Ya nuna gari da haɓa ya ce,
Tawa ga ta can bayanka.