Mai Ya Yi Barci

Da asuba na ɗauko kwalbar da na manta a bakin taga,
man gyaɗar ya yi barci, fari fat kamar kakide.
Na jingina ta da murhu, na ce tashi, malalaci,
sai ga waya tana kuka a cikin kwanon awo.

Tasi'u ne. Na ba shi labari.
Ya ce, Inna, namu ma haka yake yi.

Namu, wai.
Yaron da na goya ina murza tunkuza a Gwammaja
yau yana can arewacin duniya, a tsakiyar teku,
kan gidan ƙarfe mai ƙafafu a cikin ruwa.
Ba ƙasa, ba bishiya, ba ko akuyar maƙwabta,
sai iska mai yanka kunne,
da igiyar ruwa da ya rantse ta fi benen Kantin Kwari tsawo.
Jirgi mai saukar ungulu ke kai su,
shi ke ɗauko su bayan mako biyu, in hazo ya yarda.

Ya ce man nasu daga ƙarƙashin ruwa yake fitowa da zafinsa,
amma da ya ji sanyin bututu sai kakin jikinsa ya kama,
ya toshe hanya, ya ƙi gaba.
Dole a lallashe shi da ɗumi har cikin jirgin dako.
Na ce to ai murhu ke nan, me ya sa ba ku tambaye ni ba?

Aikinsa ɗiba a ƙaramar kwalba, ya auna, ya rubuta.
Akwai mai nauyi, akwai marar nauyi.
Akwai mai zaƙi, akwai mai tsami.
Na ce, Tasi'u, lasa kake yi?
Ya yi dariya har muryarsa ta tsinke a waya.
Wai farar wuta ce in ta yi yawa ake kira tsami,
matata ba ta son sa, kuɗinsa ya faɗi.
Na gane. Gyaɗa ɗaya mai ɗaci
ta taɓa jawo mini asarar tiya goma.

A matata dafa shi suke yi a doguwar tukunya.
Fetur ya tashi sama don shi ne marar haƙuri,
kananzir ya bi bayansa, sai man manyan motoci,
baƙin da ya zauna a gindi a shimfiɗa shi a titi.
Na ce wannan shi ne ƙuli-ƙulinku.
Ba a zubar da komai, haka uwata ta koya mini.

Abin da bai faɗa ba, na ji shi a numfashinsa.
Azahar da magariba suna taka sawun juna,
rana ta leƙo kamar mai bin bashi, ta juya.
Safar hannu biyu yake sawa, duk da haka
yatsan da ya ƙone a kaskona yana ɗan shekara shida
shi ne ke fara mutuwa.

Na tambaye shi jirgin ina ya nufa.
Ya lissafo garuruwan da harshena ya kasa ɗauka.
Babu Kano a ciki.
Jiya Sagir mai adaidaita ya kwana a layin gidan mai,
ya ƙara mini ɗari biyu zuwa Dawanau.
Ban gaya wa Tasi'u ba.

Ƙararrawa ta kira shi, ya ce, Inna, sai an jima.
Na juya, kwalbar ta farka,
man ya koma ruwan zinariya, yana motsi a hankali.
Na tsiyaya ludayi ɗaya ga yarinyar Ta-Annabi,
na ajiye sauran kusa da wuta.