Alkuki

A Bur Sudan an ɗauke wuta tun la'asar.
Na baje takardar a kan gadon igiyar Inna:
gurbi biyu, biro ɗaya.
Na sama, zanen gini, shekara biyar.
Na ƙasa, tsara cikin ɗaki, shekara huɗu, kuɗin da dama-dama.

Kawu Jazuli ya ce in bi na sama.
Shekara talatin yana jera bulo
bisa layin da wani ya ja a ofis mai sanyi,
bai taɓa ganin fuskar mai layin ba.
"Ko ɗakin awaki ne," in ji shi,
"in gina abin da jinina ya zana."
Ya hura shayinsa. Bai dube ni ba.

Inna sai da ta sauke gahawa ta yi magana:
"Gidan haya tara na zauna.
Bango bai taɓa zama nawa ba,
amma na rataya labule, na juya gado ya fuskanci iska,
kuka yi barci kamar ubanku ne ya haƙa harsashin."

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Sawakin,
inda kakanmu ya jira jirgin Makka
har jiran ya yi masa mata da 'ya'ya.
Gidajen dutsen teku sun durƙusa kamar raƙuman da aka manta,
ba rufi, ba ƙyaure, sai kyanwoyi.
A jikin wani bango da ya ƙi faɗuwa
na ga alkuki, daidai kafaɗar mace gajera,
baƙin hayaƙin fitila bai gama gogewa ba.

Wa ya yi wannan?
Wanda ya auna kaurin bangon,
ko wadda ta tsaya a kansa ta ce,
"Nan zan riƙa ajiye haske"?

Na zura hannu. Ciki da sanyi.
Sai na lura ba fafe shi aka yi daga baya ba,
gurbinsa aka bari tun bango yana ɗanye.
Wani ya saurare ta kafin ya ɗora dutse na gaba.

Da dare, da tocilan a haƙora, na cike na sama.
Shekara biyar. Kawu zai yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ban faɗa masa ba tukuna.

Na ce, "Inna, tashi ki tsaya jikin bangon nan."
Ta ce, "Lafiya?"
Na sa fensir na yi alama daidai kafaɗarta,
a bangon mai gida, wanda ya hana a buga ko ƙusa.