Ƙofar Baya

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Santiago,
kowa ya yi barci ban da ni da firji.
Kwamfutata na kan teburin cin abinci
kusa da ɓawon lemon da ban zubar ba.

Can kudu, fiye da kilomita dubu biyu,
a Punta Arenas, inda iska ke ture mai tafiya,
akwai wani ɗaki mai sanyi da ban taɓa shiga ba.
Na'urori biyu ne a ciki, su ne ƙashin bayan saƙar,
kowane zare ta cikinsu yake ratsawa:
cinikin masunta, sakamakon gwajin asibiti,
muryar matuƙin jirgin ruwa yana tambayar jikin uwarsa.

Shekara shida ina shigarsu daga nan, ko takalmi babu.
Na san zafin jikinsu, na san fankar da ke tari,
ban san launin bangon ɗakin ba.

Layi ɗaya na rubuta a daren nan.
Na ce a rufe ƙofa ga baƙi,
na manta ban sa kaina cikin 'yan gida ba.
Na danna.
Ɗan ɗigon da ke ƙyaftawa ya tsaya yana kallona.
Saƙon kowa na wucewa lafiya lau,
ni kaɗai ce a waje,
na kulle gida da hannuna, makulli na ciki.
Sauri ya haifi nawa.

Akwai ƙofar baya, don irin wannan dare muka gina ta:
ɗan akwati da katin waya a cikinsa,
hanyar da ba ruwanta da saƙar.
Na kira. Shiru. Na sake kira.
Sai na tuna takardar Ovalle na ofishin kuɗi, a watan Afrilu:
layin da ba a amfani da shi, don me ake biya?
Har da sa hannuna a ƙasa.

Saura mutum ɗaya.
Eleuterio Cárcamo, mai gadin dare,
ya ɗauka a ƙara na bakwai, bakinsa da ɗumin shayi.
"Rayén ce, daga Santiago."
"Au, ke ce mai aiko kwalaye."

Na ji ƙarar makullansa, na ji takunsa a kan ƙarfe,
sannan na ji abin da ban taɓa ji ba:
kukan na'urorina, kamar ruwan sama a kan kwano.

Tsohuwar kwamfuta na cikin aljihun tebur.
Shuɗiyar waya, baba, mai faɗi, ba mai rawaya ba,
don Allah kar ka taɓa mai rawaya.
Harafi harafi nake faɗa,
yana nema da yatsa ɗaya, tabarau a kan hanci, in ji shi.
"Wannan sandar da ta jingina,
gaba ta faɗi ko baya?"
Gaba, baba.
Ya yi kuskure sau uku, bai ba da haƙuri ba,
ni ma ban isa in nema ba.

Ƙarfe huɗu saura, ya karanto min amsar allon
kamar mai karanta takardar magani.
Na gwada daga nan.
Ƙofa ta buɗe. Na'urar ta tambayi sunana
kamar ba abin da ya faru.

Kafin ya ajiye na ce, baba, bangon wane launi ne?
Ya yi jim.
"Siminti ne kawai, ba fenti.
Akwai kalandar da ta wuce da shekara biyar,
da hoton wani kare, ban san na wa ba ne.
Sanyi a nan ya fi na waje.
Kin gama? Shayina ya huce."

Na rufe kwamfutar, na sake buɗewa.
Na rubuta wa Ovalle layi biyu a kan katin wayar,
na karanta su sau uku
kafin na danna.