Ƙulli a Kan Ƙulli

A Kärdla rana ta faɗi tun ƙarfe uku da rabi.
Virve ta ture baƙin burodi gefe,
ta cusa katin shaidarta a bakin na'ura,
lamba huɗu, da yatsan da sanyin ƙashi ya tanƙwara.
Allo ya shimfiɗa mata jikinta:
hawan jini, ƙugun ƙarfe, ƙwayar dare.

Jikarta ta taɓa yi mata bayani:
"Kamar komar marigayi Endel ce, Kaka.
Kowane rubutu ƙulli ne riƙe da wuyan na bayansa.
Wanda ya kwance guda,
sauran za su tona shi."

Virve ta san halin takarda.
Shekarar da aka kwashi mutane aka yi gabas da su
ubanta ya tafi da ƙafarsa.
Takarda ta dawo, ta ce zuciya.
Can wata ta biyo, ta ce huhu.
Hatimi ɗaya, baki biyu,
hannun da ya sauya kuwa ko inuwarsa.

Yau ita ke bin sawu.
Duk idon da ya leƙa ya ajiye sunansa a bakin ƙofa:
likitanta, Talata da hantsi;
mai ba da magani, Alhamis.
Sai wannan.
Biyu da minti arba'in na dare.
Õie Rannu.
Wace ce Õie?
Gabanta ya faɗi irin faɗuwar da,
ta lokacin da bango ke da kunne.

Ta miƙe, ta bi kalanda da farce.
Ashe daren nan ne,
daren da santsi ya kayar da ita bayan rumbun itace,
ƙanƙara cike da baki,
sunanta ma ya ƙi zuwa.
Wata baƙuwa a motar asibiti ta buɗe,
ta ga tana shan maganin tsinka jini,
ta mayar da allurar da ta ɗauko,
ta rufe, ta bar suna.

Shayi ya huce.
Jirgin ruwan yamma ya yi kuka a nesa.

Virve ta zare katin,
ta jawo kwandon ulu, ja da toka-toka.
Ba ta san girman hannun Õie ba.
Ta dubi nata, ta ƙara ƙulli biyu,
ta soma daga wuyan safar.