Akwatunan Madam Abike

Na bar buhunan albasa a Mil Sha Biyu,
na maƙale a danfo, ƙafa ɗaya a waje,
har Ikeja, bene hawa na huɗu,
inda sanyin na'ura ke dukan ƙirji.

Madam Abike ta turo mini takarda,
farce ja, murya irin ta likita:
"Baba, wannan shi ne gundarin inshora,
in zaure ya ƙone, biki ya watse, mu ne da biya.
Na ƙasan nan ƙari ne, ganin dama,
kowane akwati da kuɗinsa."

Akwati!
Ni da na baro na lefe guda tara
jere a ɗakin Raliya har bakin taga,
yau ga wasu ƙanana kamar ƙwayar wake
sun buɗe baki suna jiran biro.

Na fari na ruwan sama ne.
Na yi dariya har hula ta karkace.
Ruwan Ikko da ba ya sallama,
wanda ya tsinke rumfar suna a Agege bara
ya shanya ta a kan layin dogo,
shi za ku tsaya wa?
To, bismilla. Na soka masa alama.

Akwai na janareto, in ya yi tari ya mace
daidai lokacin da amarya ta sako kai.
Akwai na mai girki,
in gosulo ya riƙe ta a gadar Oshodi,
baƙi na hamma, dafa-duka na huce wa direba.
Na mai hoto na tsallake shi,
kowa da wayarsa, ai ba a rasa fuskata ba.

Jiya Sale Mai Goro ya gama yi mini tsiya:
"A Funtuwa inshorar biki dangi ne,
tukunya ta fashe, maƙwabciya ta miƙo tata ta katanga."
Na ce, Sale, nan maƙwabcina a Ikorodu yake kwana,
kafin ya iso an share wuri.
Liman kuwa cewa ya yi in nemi ta takaful,
in ɗaure raƙumina, sannan in dogara.

Sai muka zo kan na gwal.
"Akwai sarƙa? Nawa za mu rubuta?"
Akwai, ta uwarta ce.
Tabawa ta tara ta da kuɗin ƙosai,
adashi uku, damina huɗu,
hayaƙi ya ci idonta kafin ta rataya ta sau biyu.
"Mu nauyi muke aunawa, Baba. Giram nawa?"
Na kalli silin.
Ban san ma'aunin da zai ɗauke ta ba.

Na juya takardar, baya fari fat.
Na ce, Madam, ba ku da wani akwatin?
Na wadda za ta kama hannun yarinya a bakin mota,
ta yi mata faɗan ƙarshe cikin kunne,
ta dawo gida ta yi kukan da ni ba zan iya ba?

Ta aje biro.
Ta daɗe tana gyara zoben yatsanta.
"Ni ma tawa ba ta ga nawa ba," in ji ta,
ta zuba mini ruwa a kofin roba.

Na biya na ruwa, na biya na wuta, na biya na girki.
Sarƙa kuwa, ni zan kwana da ita a aljihun gaba
har Asabar ta zo in ɗaura mata da hannuna.

A hanyar komawa hadari ya haɗo ta Ketu.
Na cusa rasit cikin hula,
rufin danfo na yoyo daidai kaina,
kwandasta na ihun canji,
ni ina lissafin kwana goma sha ɗaya.